Ƙasar Da Kashe Injin Mota Ke Iya Zama Ajalin Direba

A Jamhuriyar Sakha, wadda aka fi sani da Yakutiya, can a arewa maso gabashin ƙasar Rasha, ba abin mamaki ba ne direban babbar mota ya tayar da injinsa a watan Nuwamba, ya bar shi yana ruri dare da rana, ba zai murɗa makulli ya kashe shi ba sai watan Maris ko Afrilu. Yana cin abinci mota tana aiki, yana barci tana aiki, ana lodi ko ana sauke kaya tana aiki, kai hatta mai ma sau da yawa a kunne ake zuba mata. Baƙon da bai san ƙasar ba zai ɗauka almubazzaranci ne kawai. Amma mutanen wurin sun san cewa injin dizal da ya huce a tsakiyar daji, a lokacin da sanyi ya kai digiri 50 ƙasa da sifiri, ba lalle ba ne ya sake tashi kafin hunturu ya wuce, shi kuwa mutumin da ke cikin motar ba shi da kwanakin jira, 'yan sa'o'i ne kaɗai suka rage masa.

Domin mai karatu ya fahimci irin sanyin da ake magana a kansa, sifiri a ma'aunin Salshiyos shi ne inda ruwa yake zama ƙanƙara. Firizar da masu sayar da ƙanƙara suke amfani da ita takan tsaya ne a wajen digiri 18 ƙasa da sifiri. To, a birnin Yakutsk, hedkwatar jamhuriyar, matsakaicin sanyin watan Janairu yana kusa da digiri 40 ƙasa da sifiri. A garin Verkhoyansk an auna digiri 67.8 ƙasa da sifiri cikin watan Fabrairu na 1892, a ƙauyen Oymyakon kuma an auna 67.7 cikin Fabrairu na 1933. Ma'aunin zafi irin na zaiba ba ya aiki a wannan yanayi, gama ita kanta zaibar tana daskarewa tun a digiri 39 ƙasa da sifiri.

Yakutiya ta ninka Nijeriya fiye da sau uku a faɗin ƙasa, amma mutanenta ba su wuce kimanin miliyan ɗaya ba. Akwai lu'ulu'u da zinariya da kwal a ƙarƙashinta, akwai kuma garuruwa da ƙauyuka masu yawa waɗanda babu wata hanyar mota ta dindindin da ta isa gare su. Da rani ƙasar fadama ce da gulabe, mota ba ta ratsawa. Sai sanyi ya kankama, koguna sun daskare, sa'an nan hukuma take share hanyoyi a bisa ƙanƙara da kan fadamun da suka ƙage, manyan motoci su ɗauki gari da sukari da man injinan lantarki da kayan gini su kai wa mutane abin da zai riƙe su har shekara ta zagayo. Watau dai lokacin da ya fi kowane tsanani ga inji, shi ne kuma lokacin da aikin direba ya fi yawa. Shi kansa birnin Yakutsk yana hayin Kogin Lena ne, hanyar jirgin ƙasa da manyan hanyoyin mota kuwa sun tsaya a ɗaya hayin, wajen Nizhny Bestyakh. Sai cikin 2024 aka fara aikin gada a wurin. Kafin a gama ta, jirgin fito ne da rani, bisa ƙanƙara kuma da hunturu, inda ake ta kwarara ruwa a kan hanyar yana daskarewa har kaurinta ya kai kimanin mita ɗaya, yadda za ta ɗauki mota mai nauyin tan 40.

MAI YANA BARCI

Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi irin na motar fetur. Tun lokacin da Rudolf Diesel ya sami nasarar tayar da injinsa a garin Augsburg na Jamus cikin 1897, dabarar ba ta sake ba: fistin yana matse iska a cikin silinda har ta koma kashi ɗaya cikin sha shida ko cikin ashirin na girmanta, matsin ya sa ta yi zafi fiye da digiri 500, sa'an nan nozul ya fesa mai a cikinta ya kama da kansa. Saboda haka zafi shi ne ashanar wannan inji. Idan iskar da ya shaƙa mai tsananin sanyi ce, ƙarfen silindar kuma ya kwana a cikin sanyi, to, ƙarfen zai shanye zafin kafin man ya kama. Sai a ji kik yana juyawa da ƙyar, farin hayaƙi yana fita daga salansa, amma mota ta ƙi tashi.

Wannan ma ƙaramar matsala ce idan aka kwatanta da abin da ke samun shi kansa man. Duk matar da ta taɓa ajiye manja ko man shanu da hunturu ta san yadda mai yake barci. Man dizal, wanda direbobin ƙasar Hausa suka fi sani da gas, shi ma yana barci, domin akwai wani irin kaki narkakke a cikinsa. Gas irin na ƙasashe masu zafi yakan fara yin gajimare tun sanyi yana kusa da sifiri, watau kakin ya fara fitowa ƙanana-ƙanana kamar tsaki. Waɗannan 'yan ƙwayoyi su ne suke taruwa a jikin filta su toshe ta. Abin haushin shi ne, man da ke cikin tanki yana nan ruwa-ruwa, direba ya leƙa ya ga tankinsa cike, amma ko ɗigo ba ya isa ga inji. Idan sanyin ya ƙaru, sai duk tankin ya koma kamar kamu.

Don haka ne tun zamanin Tarayyar Sobiyet aka kasa man dizal gida uku: na rani, na hunturu, da kuma na yankin ƙanƙara, wanda aka tace yawancin kakinsa har ya kusa zama kananzir, yana kuma gudana har wajen digiri 50 ƙasa da sifiri. Direban da ya taso daga kudu da ragowar man rani a tankinsa, ko wanda wani mai gidan mai marar tsoron Allah ya sayar masa da na rani da sunan na hunturu, ba zai san an cuce shi ba sai ya yi nisa da gari. Tsofaffin direbobi sukan surka gas da kananzir domin ya tsinke. Dabarar tana aiki, amma tana da nata lahanin, gama kananzir ba shi da santsin da famfon mai da nozul suke bukata, ga shi kuma injinan zamani ba su da haƙurin na da.

Baƙin mai shi ma yakan yi kauri kamar zuma, ya riƙe ƙarafan inji maimakon ya sassauta su. Batir kuwa tun a sanyin firiza ya riga ya rasa kusan rabin ƙarfinsa, a daidai lokacin da ake neman ya juya injin da ya yi nauyi ninki biyu. Batirin da ke cike da caji yana jure sanyi ƙwarai, amma wanda ya yi sanyin caji ruwansa yakan daskare ya fasa kwandon.

Ruwan lagireto ya fi su duka mugunta. Ruwa idan ya zama ƙanƙara yakan ƙara girma da kimanin kashi 9 cikin ɗari, ƙarfin wannan kumburi kuwa ya isa ya tsaga gangar jikin inji kamar yadda ake fasa tulu. Direbobin zamanin da, waɗanda ruwa zalla suke zubawa, kullum dare sai sun buɗe famfo sun tsiyaye shi ƙaf, da asuba kuma su ɗebo tafasasshe a bokiti su mayar. Yanzu ana gauraya ruwan da wani sinadari mai hana daskarewa. Rabi da rabi yana karewa har wajen digiri 37 ƙasa da sifiri, a Yakutiya kuwa sai an ƙara yawan sinadarin ya kai kusan kashi biyu cikin uku. Wani abin mamaki a nan shi ne, wanda ya yi zalama ya zuba sinadarin tsantsa ba tare da ruwa ba ya yi wa kansa, domin shi kaɗai yana daskarewa tun a digiri 13 ƙasa da sifiri.

Sauran sassan mota ma ba su tsira ba. Laimar da ke cikin iskar birki tana daskarewa ta toshe bututu. Tiyo da fambel suna ƙagewa su karye kamar busasshen kara. Taya idan ta daɗe a tsaye sai gefen da ke ƙasa ya baje ya ƙage a haka, mota ta yi ta tsalle har sai robar ta ɗumama. Ƙarfe kansa yakan yi gautsi, sifirin ko gindin mota ya tsage a ramin da da rani ko girgiza ba zai sa shi ba.

BARGO DA WUTA

Yawancin motocin da ke wannan aiki Kamaz ne, waɗanda aka fara ƙerawa a Naberezhnye Chelny cikin 1976, da kuma Ural na garin Miass, ko da yake motocin Turai da na Sin sun shigo da yawa. Kowace iri ce dai, kafin hunturu sai an yi mata sutura. Ana rufe gaban lagireto da bargo ko tamfol mai 'yar taga wadda direba zai buɗe ko ya rufe gwargwadon yadda allurar zafi ta nuna masa. Ana naɗe inji da tankin mai da akwatin batir da bututun mai da tsumma mai kauri, a kuma ɗaure tamfol a ƙarƙashin inji don kada iskar hanya ta riƙa bugunsa. Gilashin gaba da na gefe ana ninka su, a liƙa wani gilashi a kan na asali a bar 'yar iska a tsakani, in ba haka ba numfashin direba kaɗai ya isa ya rufe gilashin da ƙanƙara daga ciki har ya kasa ganin hanya.

Injin dizal kullum yana mayar da wani kashi na man da ya ja zuwa tanki, kuma wannan mai yana komawa ne da ɗumi. Wannan ɗaya ne daga cikin dalilan da suka sa motar da ke aiki ba ta cika samun matsalar mai ba, wadda aka kashe kuwa nan da nan take kamuwa. Wasu sukan karkata bututun salansa ya bi ta kusa da tanki, wasu kuma su sa filta mai ɗumama kanta da lantarki.

Ko da injin yana aiki, tsayawa wuri ɗaya na dogon lokaci yana da nasa haɗari, domin zafin inji ba ya isa ga giya da aksul na baya. Shi ya sa direban da ya tsaya barci yakan farka bayan 'yan sa'o'i ya matsa da motar gaba kaɗan, ya dawo da ita baya, don man giya ya motsa. Ba ya kuma yarda ya ja birkin hannu idan ya ratso ruwa ko dusar ƙanƙara, gama takalmin birki yana iya mannewa da ganga har gari ya waye. Barcin direban Yakutiya dai barcin zomo ne, kunnensa yana kan ƙarar inji, kuma da zarar sautin ya sake sai ya zabura.

Idan kuwa ƙaddara ta faɗa, inji ya mutu ya huce, to, sai wuta. Kowane direba yana tafe da abin hura wuta na hannu mai aiki da fetur, irin wanda masu sanya kwalta a rufin ɗaki suke riƙewa. Sai a lulluɓe motar da tamfol har ƙasa, a shiga ƙarƙashi a riƙa gasa kaskon baƙin mai da aksul da bututun mai, wani lokaci sa'o'i uku ko huɗu, mutum yana kwance a kan ƙanƙara. Ba sabuwar dabara ba ce. Sojojin Jamus da hunturun 1941 ya rutsa da su a bakin Mosko haka suka riƙa hura wuta a ƙarƙashin motocinsu da tankokin yaƙi kafin su tashi. Motoci da yawa sun ƙone ƙurmus ta wannan hanya, domin gindin babbar mota ba ya rasa ɗigon mai da tsumma mai maiƙo. Masu ƙera Kamaz da Ural sun daɗe suna saka wani ɗan murhu a jikin injin, wanda ke ƙona gas ya tafasa ruwan inji, hayaƙinsa mai zafi kuma ya bugi kaskon baƙin mai. Aikin ɗaya ne da na mai kwanciya a ƙarƙashin mota, sai dai wutar a killace take.

A ƙasashen Kanada da Finlan da Jihar Alaska ta Amurka, inda lantarki ya wadata, akwai wata hanya mai sauƙi. Ana dasa ƙarfen ɗumama ruwa a jikin inji, wayarsa tana leƙowa ta gaban mota, direba ya jona ta a jikin turken lantarki da aka kakkafa a wuraren ajiye motoci, ya tafi ya yi barcinsa. A birnin Yakutsk ma akwai garejin da ake ɗumamawa, kuma haya a cikinsa ba ta da arha. Amma hanyar Kolyma, wadda ta tashi daga gaɓar Lena zuwa Magadan a bakin teku, ta fi kilomita 2,000, watau kamar Legas zuwa Kano sau biyu, kuma akwai wuraren da direba zai yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci bai ga ko bukka ba, balle turken lantarki.

KUƊIN ƊUMI

Barin inji a kunne yana ceton rai, amma ba kyauta yake yi ba. Babbar mota da ke tsaye tana silo takan sha kimanin lita uku a kowace sa'a. Direban da ya kwana sa'a goma ya ƙona lita 30 ba tare da ya matsa ko taku ɗaya ba, a mako guda kuwa ya tashi da duro. A ƙasar da shi kansa man sai an ɗauko shi a mota daga nisan duniya, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Har ila yau injin dizal ba ya son silo. Saboda ɗan man da yake ƙonawa a lokacin bai taka kara ya karya ba, zafin da yake bayarwa kaɗan ne, har ma a sanyi mai tsanani allurar zafi takan riƙa sauka alhali inji yana aiki. Man da bai ƙone sosai ba yana wanke baƙin mai daga jikin silinda, ya zurara cikin kasko ya tsinka shi, baƙin toka kuma ya taru a kan nozul da zoben fistin. Shi ya sa direbobi suke ɗaga silo sama da yadda aka saba, abin da ke ƙara shan mai. Hayaƙin motocin da ke tsaye a kunne yana daga cikin abubuwan da ke haddasa hazon ƙanƙara mai kauri da ke rufe Yakutsk a tsakiyar hunturu. A wasu ƙasashe ma doka ta shiga maganar: Jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana manyan motocin dizal yin silo fiye da minti biyar, kuma tun 2008 dokar ta haɗa har da direban da ke barci a cikin motarsa.

Abin da ya sauƙaƙa wannan al'amari shi ne wata 'yar na'ura wadda girmanta bai fi na burodin gidan biki ba, ana ɗaura ta a ƙarƙashin gadon direba. Kamfanonin Jamus biyu, Webasto da Eberspächer, su ne suka yi suna a kanta, har a Rasha sunan Webasto ya zama sunan kowace irinta, ko da wani ne ya ƙera. Direbobin Rasha kuma suna yi mata laƙabi da sunan na'urar busar da gashi. Ɗan ƙaramin famfo ne yake ɗiga mata gas, ta ƙona shi a cikin rufaffen ɗaki na ƙarfe, hayaƙin ya fita waje ta bututunsa, fanka kuma ta riƙa tura iskar cikin mota a bayan ƙarfen mai zafi. Iskar da direba yake shaƙa ba ta haɗuwa da wutar ko kaɗan. Abin da take sha bai wuce rubu'in lita a sa'a ba, watau daren da inji zai ci lita 30 ita lita biyu da rabi ya ishe ta.

Sai dai akwai iri biyu, kuma rashin bambance su ya jefa mutane cikin wahala. Mai hura iska direba kaɗai take ɗumamawa, inji yana can yana hucewa. Mutum zai yi barci mai daɗi da 'yar shara, ya farka ya tarar da injinsa ya zama dutse. Ɗaya irin ita ce mai ɗumama ruwan inji tana zagaya da shi, ita ce kuma ke sa mota ta tashi da safe kamar ba ta kwana ba. Dukansu biyu da batir suke aiki, kuma siririn bututun da ke kai musu mai shi ne farkon abin da kaki yake toshewa, don haka masu lura sukan yi musu ɗan tanki dabam su zuba kananzir. A Turai da kudancin Saberiya waɗannan na'urori sun raba direbobi da kwana da inji a kunne. A Yakutiya kuwa, idan sanyi ya haura digiri 40, yawancin direbobi ba sa yarda su ɗora ransu a kan ɗan famfon da bai fi yatsa ba. Sukan kunna na'urar, su kuma bar injin yana aiki, don idan ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe su. Duk wanda ya auna abin da ke tsakanin kuɗin lita 30 da ran mutum ba zai ga laifinsu ba.

KISAN MUMMUƘE

Ɗumin da ake nema shi ma yana kisa, kuma nasa kisan ba ya sallama. Duk abin da ke ci da wuta a wurin da iska ba ta wadata ba yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi take kama shi sau ɗari biyu da wani abu, saboda haka kaɗan daga cikinta ya isa. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, watau daidai abin da direban da ya yi tuƙin sa'a goma sha biyu zai ɗauka gajiya ce, ya gyara kwanciya. Injin dizal bai kai na fetur fitar da ita ba, amma salansa mai yoyo a ƙarƙashin kan mota, ko wadda dusar ƙanƙara ta toshe bakinta, ko hayaƙin motar da ta tsaya a gefe, duk suna iya cika ɗakin direba da ita, musamman da yake an toshe kowace kafa don gudun sanyi. Mafi haɗari shi ne ɗan risho ko murhun gas na dafa shayi, idan direba ya bar shi a kunne don ya ji ɗumi barci kuma ya sace shi.

A nan ne labarin Yakutiya ya taɓo direban ƙasar Hausa. Gas ba ya barci a Kano ko Zinder, amma daren Janairu a Jos, wadda ke bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, ko a kan Mambila, yana sa haƙora kaɗawa, a hamadar Tenere da hanyar Agadas zuwa Tamanrasset kuwa sanyin asuba yakan kusanci sifiri. Kaskon garwashi da yaran mota suke jin ɗumi da shi a tasha ba shi da laifi muddin a fili yake. Ranar da aka shigar da shi cikin kan mota aka ɗaga gilasai, ya zama abin da janareto yake zama a ɗakin da aka rufe, kuma gidajen da aka wayi gari an tarar da iyali duka sun mutu ta wannan hanya ba baƙon labari ba ne a Nijeriya. Abin takaici shi ne, da yawa daga cikin tirelolin DAF da MAN da ake shigowa da su na hannu daga Turai suna zuwa da waccan 'yar na'ura a ƙarƙashin gado, amma sai a bar ta ta lalace ko a cire ta, don ana ganin ba ta da amfani a ƙasar zafi. Haka kuma makanikai da yawa sukan cire tamosta, watau 'yar ƙofar da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya yi zafi, da nufin maganin zafin inji. Injin dizal kuwa an ƙera shi ne ya yi aiki a wajen digiri 80 zuwa 90, wanda aka cire wa tamosta kuma yakan yi tafiya mai nisa da safiyar hunturu bai kai wannan zafi ba, yana shan mai yana cin zobensa.

HANYAR ƘASUSUWA

Fursunonin zamanin Stalin ne suka fara gina hanyar Kolyma daga 1932, kuma saboda yawan waɗanda suka mutu a wurin aikin ake kiranta Hanyar Ƙasusuwa. Har yanzu ba ta daina karɓar rayuka ba. A ƙarshen shekarar 2020 wasu samari biyu 'yan shekara 18 suka taso daga Yakutsk za su Magadan a ƙaramar mota. Taswirar wayar hannu ta nuna musu wani tsohon reshe na hanyar wanda ya fi gajarta, amma an daɗe da daina binsa. A can wani itace ya huda musu lagireto, inji ya tsaya, babu sabis na waya, babu mai wucewa, sanyi kuma yana wajen digiri 50. Sun ƙona taya don su ji ɗumi. Da masu ceto suka iso bayan kwanaki, ɗaya ya riga ya rasu a cikin motar, ɗayan kuma an same shi da rai amma sanyi ya ci masa hannuwa da ƙafafu.

Direbobin manyan motoci sun san wannan tun kafin a haifi waɗannan yara, shi ya sa ba su cika tafiya su kaɗai ba. Sukan yi ayari na mota biyu ko uku ko fiye, kamar fataken da, kowa yana ɗauke da filta da fambel da tiyo na ajiya, da abincin kwanaki, da tufafin fata, da man da ya fi na tafiyar. Idan motar ɗaya ta mutu, akwai ɗaki mai ɗumi a motar ɗan'uwansa, akwai batirin da za a jona, akwai kuma mai ja. Al'adar hanyar ce ba a wuce motar da ke tsaye a daji sai an tsaya an tambayi lafiya, ko an san mai ita ko ba a san shi ba. Gyaran da makanike zai yi cikin minti goma a gareji yakan ci sa'a biyu a can, gama ba a taɓa ƙarfe da hannu tsirara, fata za ta manne, kuma gas da ya zubo a yatsa a wannan sanyi yana ƙuna kamar wuta. Mutum yakan yi aikin minti biyar, ya ruga cikin mota ya ɗumama hannu, ya sake fitowa.

Wajen tsakiyar Afrilu ƙanƙarar koguna takan fara ruɓewa, hukuma ta rage nauyin da aka yarda a hau da shi, daga baya ta rufe hanyoyin gaba ɗaya. Masana sun lura cewa ɗumamar yanayi tana rage kwanakin da waɗannan hanyoyi suke buɗe, abin da ke tilasta a kwashe kayan shekara cikin lokacin da ya fi na da gajarta. A lokacin ne direba yake kashe injinsa, ya juye baƙin man da ya sha wahalar wata biyar, ya kwance barguna da tamfol, ya ɓamɓare gilashi na biyu. Dole ne kuwa ya kwance su, domin ranin Yakutiya gajere ne amma yana da zafi. A garin Verkhoyansk ɗin nan da aka auna digiri 67.8 ƙasa da sifiri, ranar 20 ga Yuni 2020 zafi ya kai digiri 38, Hukumar Yanayi ta Duniya kuma ta tabbatar da wannan awo cikin Disamba 2021.